Aikin fiɗa a asibiti: kada tsoro ya sa a makara

Jama'ar Alela, da na ƙasar Ƙonni, da Malbaza, da Illela, ga bayani a kan aikin fiɗa, wanda wasu ke kira tiyata.

A ƙauyuka da yawa, in likita ya ce sai an yi wa mutum aiki, sai gida ya ruɗe kamar an yi rasuwa. Wasu sukan sulale da maras lafiyarsu cikin dare su koma gida. Wasu sukan ce a bari a gwada na gargajiya tukuna. Bayan kwana uku ko huɗu a dawo da shi, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. In ya rasu, sai a ce wuƙar likita ce ta kashe shi. Alhali kuwa sau da yawa makara ce ta kashe shi. Mutumin da aka kai da wuri ya fi samun sa'ar komawa gida da ƙafarsa.

Mene ne aikin fiɗa?

Akwai ciwon da ƙwaya ko allura ke warkarwa, kamar zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma ciwon da ƙwaya ba ta iya masa, ko da an sha buhu guda. Mai lambun albasa ya san haka. In bututun injin ban-ruwa ya toshe ko ya fashe, ƙara wa inji mai ba ya gyara shi. Sai an sa hannu an buɗe wurin.

Haka jikin mutum yake. Ana bukatar fiɗa a wuri huɗu: in wani abu ya toshe, in wani abu ya huje, in wani abu ya karye ko ya yage, in kuma jini yana zuba a ciki ya ƙi tsayawa. Likita yakan buɗe wurin, ya gyara, ya cire abin da ya ruɓe, sannan ya ɗinke.

Fiɗa ba baƙon abu ba ce. Wanzami yana yin kaciya, yana yin sakiya. Maɗori yana ɗora ƙashi. A ƙasar Andalus an yi wani babban likita Musulmi mai suna Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013. Ya rubuta littafi a kan aikin likita, ya zana hotunan kayan fiɗa wajen 200 a ciki. Likitocin Turai sun yi shekaru ɗaruruwa suna karatu da littafin nan.

Abin da ya sa fiɗar yau ta fi ta da

A zamanin da, abu uku ke kashe wanda aka yi wa fiɗa: zafi, da ruɓewar miki, da zubar jini. Yau an sami dabarar kowane.

Na farko, zafi. A shekara ta 1846, a wani asibiti na birnin Boston a Amurka, aka nuna wa likitoci yadda ake sa mutum barci a yi masa aiki bai ji ba. Yanzu maganin iri uku ne. Akwai na barci gaba ɗaya. Akwai allurar da ake yi a baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙafa, mutum yana farke amma ba ya jin zafi. Akwai kuma allurar da ke kashe ɗan wurin da za a taɓa kaɗai.

Na biyu, ruɓewa. A shekara ta 1867 wani likita ɗan Ingila mai suna Lista ya bayyana cewa ƙananan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani su ke ruɓar da miki. Daga baya aka fara dafa kayan aiki da tururi mai tsananin zafi. Likita yakan wanke hannu, ya sa safar hannu, ya rufe baki da hanci. Shi ya sa ba a barin dangi su shiga ɗakin fiɗa. Ba wani abu ake ɓoye musu ba.

Na uku, jini. A shekara ta 1901 aka gano cewa jinin mutane iri-iri ne. Da aka san haka, sai aka iya ƙara wa mutum jinin da ya dace da nasa.

Duk da haka, fiɗa ba wasa ba ce. Wani yakan zubar da jini. Wani mikinsa yakan yi ruwa. Wani ma yakan rasu. Likitan kirki ba ya ɓoye wannan. Amma haɗarin ƙarami ne ga wanda ya zo da ƙarfinsa, babba ne ga wanda ya zo a galabaice.

Ciwo huɗu da ba sa jira

1. Doguwar naƙuda. Wani lokaci kan jariri yakan fi ƙugun uwa girma, musamman in yarinya ce ƙarama. Wani lokaci ɗan yakan kwanta a gicciye. In haka ta faru, rubutu da jiƙo da danna ciki ba sa fito da shi. Jariri yana iya mutuwa a ciki. Mahaifa tana iya fashewa. In uwa ta tsira, tana iya samun yoyon fitsari, saboda kan ɗan ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Fiɗar haihuwa ba ta cika kai awa ɗaya ba, kuma takan ceci rai biyu.

Ga alamun haɗari: naƙuda ta kai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba a haihu ba, jini yana zuba kafin haihuwa, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, mace tana jijjiga, an haihu amma uwar tafiya ta ƙi faɗowa, ko jini ya ƙi tsayawa. Abin da ya fi shi ne mace ta yi ta zuwa awo, ta kuma haihu a gidan likita.

2. Ƙaba da ta maƙale. Ƙaba kumburi ce a matsematsi, ko a maraina, ko a cibiya. Naman bangon ciki ne ya yi rauni, hanji ya turo ta wurin. Manoma da masu ɗaukar buhu suna yawan samun ta. Muddin tana fitowa tana komawa, ana iya sa wa mutum rana a yi masa aiki cikin natsuwa. Amma ran da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, tana zafi, mutum yana amai, ba ya kashi ba ya tusa, to hanji ya shaƙe. Cikin awoyi kaɗan hanjin yana iya mutuwa. Kada a matsa ta da ƙarfi. Kada a yi mata sakiya, domin abin da ke ciki hanji ne. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

3. Hanji da ya huje. Akwai wani zazzaɓi da ake kira taifot. Ana ɗaukarsa ta ruwa ko abincin da kashin mutane ya gurɓata. Yakan kama yara da matasa. In an kai yaro da wuri, ƙwaya tana warkar da shi. In aka bar shi mako biyu ko uku, cutar tana iya huda hanji, ƙazanta ta malale cikin ciki. Alamarsa ita ce yaro ya daɗe yana zazzaɓi, sai ciwon ciki mai tsanani ya taso farat ɗaya. Ciki ya kumbura, ya yi tauri kamar allo, yaro ba ya son a taɓa shi. Likitocin asibitin Galmi sun yi wa yara da yawa aiki saboda wannan ciwo. Mai irin wannan ciki, kada a ba shi abinci. Kada a ba shi maganin wankin ciki. Kada a yi masa tsaga ko ƙaho.

4. Rauni da karaya. Hanyar kwalta da ta bi ta Ƙonni, da Tsarnawa, da Malbaza, da Galmi ba ta rabuwa da manyan motoci da ƴan kabu-kabu. Ga faɗuwa daga amalanke ko daga bisa icce. Ga tunkuyin sa, ga faɗawa rijiya, ga gobara.

In jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko man inji. Ƙasa da kashin dabba suna kawo ciwon sarƙewar haƙora, wanda likita ke kira tetanos. In wuta ce ko ruwan zafi, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta wajen minti 20, sannan a rufe da zane wankakke.

In ƙashi ya karye ya huda fata, wannan ya wuce aikin maɗori. Ƙazanta ta riga ta shiga. Sai an wanke mikin a ɗakin fiɗa, an cire naman da ya mutu, an daidaita ƙashin. A rufe wurin, a tallafe shi da kara ko katako don kada ya motsa, a tafi.

In kuma an riga an yi ɗori a gida, a duba yatsu safe da yamma. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun fara baƙi, ko mutum ya daina jin su, ɗaurin ya matse hanyar jini. A kwance shi nan take, a kai mutum asibiti. Yara da yawa sun rasa hannu saboda ɗaurin da ya yi tsauri. Sai a ce likita ya yanke hannu, alhali hannun ya mutu tun a gida.

Wanda ya bugu a ciki ko a kai yana iya tashi ya yi tafiya, jini kuwa yana zuba a ciki. In ya fara gumi mai sanyi, ko jiri, ko amai, ko barcin da ba a iya tashe shi, kada a jira gari ya waye.

Ciwon da ake sa wa rana

Akwai ciwon da ba ya kisa yau ko gobe, amma yana hana mutum noma, ko gani, ko shiga jama'a. Mutane sukan zauna da shi shekara da shekaru saboda kunya ko tsoro. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Gwaiwar ruwa. Ruwa ne ke taruwa a maraina. Ƙaramin aiki ne, kuma ba ya hana mutum iyali.

Yanar ido. Tana yawan kama tsofaffi. Ana kashe zafin idon da allura, a cire yanar, a sa wani ɗan gilashi a madadinta. Aikin ba ya cika wuce rabin awa ba. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna soka tsinke a ido tura yanar kawai suke yi zuwa cikin idon. Da yawa daga waɗanda aka yi wa haka sukan makance daga baya.

Amodari. In ya daɗe, gashin ido yakan juya ciki yana gogar ƙwayar ido. Tsige gashin da matsefata ba ya hana shi sake tsirowa. Ɗan gyara ake yi wa fatar idon, mutum ya koma gida ran nan.

Yoyon fitsari. Ba maita ba ce, ba kuma laifin mace ba ne. Yawancin mata sukan warke in an ɗinke wurin. A shekara ta 2012 aka buɗe asibitin wannan ciwo a Danja, kusa da Maraɗi.

Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ko murɗaɗɗiyar ƙafa. Ana gyara su, kuma gyaran ya fi kyau tun yaro yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekara ta 2010 aka buɗe asibitin CURE a Yamai domin irin waɗannan yara.

Kullutu a nono. Mace ko namiji, duk wanda ya ji shi ya nuna wa likita tun yana ƙarami. In ciwon daji ne, cire shi da wuri yana taimako. In ya bazu cikin jiki, wuƙa ba ta iya kamo shi.

Yadda ake yin aikin

Da farko likita zai duba mutum, ya auna jininsa. Wani lokaci a ɗauki hoton ƙashi ko na ciki. Sannan a yi wa maras lafiya da danginsa bayani, a nemi yardarsu, su sa hannu ko su dangwala yatsa. Wannan takarda ba ta sallama rai ba ce. Shaida ce cewa an yi bayani, an kuma yarda. Kowa yana da ikon ya yi tambaya kafin ya sa hannu: wane aiki za a yi, don me, kwana nawa za a yi a kwance, nawa za a biya.

Za a hana mutum ci da sha na wasu awoyi kafin aiki. Wannan doka tana da dalili. In akwai abinci a ciki, mutum yana iya yin amai cikin barci, aman ya shiga huhu. Kada dangi su ba shi fura a ɓoye don tausayi. In ya sha jiƙo ko wata ƙwaya a gida, a faɗa wa likita gaskiya.

A ɗakin fiɗa akwai mai ba da maganin barci. Aikinsa shi ne ya tsaya a kan maras lafiya, yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama.

Ina ake yin fiɗa?

Matakin farko shi ne gidan likita mafi kusa. Majo, wato shugaban gidan likita, shi zai duba mutum, ya sa masa ruwa in da bukata, ya rubuta takarda, ya faɗi inda za a nufa. A riƙe takardar nan da kyau. Akwai asibitin gunduma a Birnin Ƙonni da Illela. Akwai babban asibitin jiha a Tawa. Akwai manyan asibitocin ƙasa a Yamai.

A da, masu fiɗa kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Yamai kuwa ta fi kilomita 400 daga Ƙonni. Shi ya sa a shekara ta 2005 ma'aikatar lafiya da jami'ar Yamai suka shirya koya wa likitocin gunduma fiɗa. Horon na wata 12 ne. Nufin shi ne a riƙa yin fiɗar haihuwa, da ta ƙaba, da sauran na gaggawa kusa da mutanen karkara.

Akwai kuma asibitin Galmi a ƙasar Malbaza, wanda mishan ta SIM ta buɗe a shekara ta 1950. Mutane suna zuwa can daga Nijar da Nijeriya. A shekara ta 2012 aka fara horar da likitocin fiɗa ƴan Afirka a wurin. Shi ba na gwamnati ba ne, tsarin biyan kuɗinsa dabam yake.

Ƙarancin fiɗa ba a Nijar kaɗai yake ba. A shekara ta 2015 wasu manyan likitoci na ƙasashe da yawa suka yi lissafi. Suka ce mutum miliyan dubu 5 a duniya ba sa samun fiɗa mai kyau, a kan lokaci, da kuɗin da za su iya biya. Suka ce ya kamata kowa ya iya isa, cikin awa 2, asibitin da ke yin aiki uku: fiɗar haihuwa, buɗe ciki, da gyaran karayar da ta huda fata.

Maganar kuɗi

A watan Nuwamba na 2005 gwamnatin Nijar ta yi doka cewa fiɗar haihuwa kyauta ce a asibitocinta. A 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2024 kuma aka rage kuɗin ayyuka da yawa da rabi a asibitocin gwamnati. Amma ko an yafe kuɗin aiki, akwai na mota, da na abincin masu jinya, wani lokaci da na magani. A tambayi abin da ake biya da wanda ba a biya. In an biya, a karɓi takardar shaida.

Maganar jini

Ba a ƙera jini a masana'anta. Daga jikin mutum ake samunsa. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yakan mayar da shi cikin makonni. Ba ya rage ƙarfin noma, ba ya rage ƙarfin namiji. Kafin a ƙara wa wani, sai an auna shi don a tabbata babu sida ko ciwon hanta a ciki. Saboda haka in za a kai maras lafiya, kada a cika mota da tsofaffi da masu kuka. A tafi da majiya ƙarfi biyu ko uku da za su iya ba da jini.

Bayan aiki

Rabin warkewa a hannun dangi yake. Kada a ba mutum abinci sai likita ya ce a ba shi. In an ce ya tashi ya taka, ya taka, domin tafiya tana taimakon hanji da huhu. Kada a buɗe miki, kada a shafa masa komai. A shanye magani duka. A koma ranar cire zare. In miki ya yi ja, ko yana ruwa, ko yana wari, ko zazzaɓi ya taso, a koma tun ranar ba ta zo ba.

Wanda aka yi wa aikin ƙaba ya bar ɗaukar buhu da jan guga har lokacin da likita ya faɗa. Matar da aka yi wa fiɗar haihuwa tana iya ba da nono, tana iya sake haihuwa. Sai dai ta huta wajen shekara 2 kafin wani ciki, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za ta yi. Kada a watsa mata tafasasshen ruwan jego a kan ɗinki. Kada a bar mata daka da ɗaukar ruwa kafin ta warke.

Shirin da gari zai yi tun lafiya lau

Makara takan faru a wuri uku: wajen yanke shawara, wajen neman kuɗi, wajen neman abin hawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da gari zai iya yi:

1. Magidancin da zai tafi ci-rani ya bar izini a fili, gaban shaidu. Ya ce in matarsa ko ɗansa ya kamu, a kai shi asibiti, a yi abin da likita ya ce, ba sai an jira shi ba.

2. A kafa asusun gari. Bayan girbin hatsi ko cirar albasa, kowane gida ya ba da tiya ɗaya ko abin da aka yarda. A zaɓi amintattu su riƙe, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ya ci bashin asusu ya biya bayan ya samu.

3. A san mai mota da mai amalanken da za a tasa da dare. A yi ciniki da su tun yanzu. A rubuta lambar wayarsu da ta majo, a ajiye wurin mai gari da wurin ungozoma.

4. A rubuta sunayen samarin da suka yarda su ba da jini.

5. Mai cikin da ke zaune nesa da kwalta, in watanta ya kama, musamman da damina, ta koma wurin dangi kusa da gidan likita.

Duk waɗannan suna bukatar wanda ya iya rubutu da lissafi. Wannan aikin ɗaliban yaƙi da jahilci ne, maza da mata. Wanda ya karanta bayanin nan ya karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a dandali, da bakin rijiya, da cikin gida. Sannan a kai maganar gaban mai gari, a sa ranar zama.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya.